Matuƙin gwaji a cikin kumbo: labarin Beregovoy, da inda ƙwarewarsa ta tsaya

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon tuƙin jirgin sama. Na ji ana cewa Amurkawa matuƙan gwajin jirage suka ɗiba suka mayar 'yan sama jannati. To Rasha fa? Akwai matuƙin gwajin da ya shiga kumbo a can? Kuma ƙwarewarsa ta yi masa rana da ya je sama?

Akwai, ƙanena, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Wanda ya fara shiga kumbon Sobiyet da cikakken sunan matuƙin gwaji shi ne Georgy Beregovoy, a 1968. Ƙwarewarsa ce ta samar masa kujerar, wannan babu tantama. Ko ta yi masa rana da ya isa can, nan ne maganar take da tsawo, domin a sa'ar farko da ya shiga sararin samaniya ya kasa yin abin da aka tura shi ya yi. Amma bari mu fara kawar da wani kuskure, don na sha jin ɗalibai suna cewa Yuri Gagarin matuƙin gwaji ne.

Abin da ka ji game da Amurka gaskiya ne. Mutum bakwai ɗin da suka zaɓa a 1959 duk sojoji ne matuƙan gwaji, kuma sharaɗin shi ne mutum ya yi aƙalla awa 1,500 yana tuƙi. Tarayyar Sobiyet ta bi wata hanya dabam. Mutum 20 da ta ɗiba a 1960 samari ne matuƙan jiragen yaƙi na yau da kullum, yawancinsu ba su cika shekara 30 ba, kuma an fi son gajeru marasa nauyi saboda ƙuncin kumbon Vostok. Gagarin kansa bai kai awa 300 a sama ba lokacin da aka ɗauke shi. Ba rashin matuƙan gwaji ne ya kawo haka ba, suna da su jibgi. Babban injiniyansu, Sergei Korolev, ya ƙera Vostok ne ta yadda zai tuƙa kansa tun daga tashi har dawowa. Karnuka ma sun je sun dawo a irinsa kafin a sa mutum. Likitoci kuwa ba su da tabbacin hankalin ɗan'adam zai tsaya daidai idan nauyin jikinsa ya ɗauke, saboda haka aka kulle linzamin tuƙi da hannu da wasu lambobi uku, ba zai buɗe ba sai an danna su. Kumbon da aka tsara haka lafiyayyen saurayi mai juriya da biyayya yake nema.

Lokacin da ake wannan zaɓe, Beregovoy yana dab da shekara 39, Gwarzon Tarayyar Sobiyet ne tun shekara goma sha biyar da suka wuce, kuma babu wanda ya tuna da shi.

An haife shi ran 15 ga Afrilu 1921 a ƙauyen Fedorivka da ke yankin Poltava a Yukren, ya tashi a Yenakiieve, garin ƙarfe da kwal a yankin Donbas. Ya yi aiki a masana'antar ƙarfen garin yana matashi, yana zuwa kulob ɗin koyon tuƙin jirgi, irin waɗanda gwamnatin Sobiyet ta baza a garuruwa a wancan zamani. Daga nan ya shiga makarantar matuƙan soja ta Voroshilovgrad, garin da yanzu ake kira Luhansk, ya gama a 1941, shekarar da Jamus ta afka wa ƙasar.

Jirgin da ya yi yaƙi da shi Il-2 ne, kuma ya kamata ka san irin aikinsa. Jirgi ne mai sulke da aka ƙera don ya yi ƙasa-ƙasa ya far wa tankoki da manyan bindigogi da ayarin motoci. Wanda ke tuƙa shi yana shiga ne daidai inda kowace bindigar da ke ƙasa za ta iya samunsa, har ta sojan da ke kwance a rami. An ƙera fiye da 36,000, kuma an yi asararsu da matuƙansu ba adadi. Beregovoy ya fita farmaki sau 185, an harbo shi sau uku, duk ya tsallake rijiya da baya ya koma bakin daga. Ran 26 ga Oktoba 1944 aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet, lambar girma mafi daraja a ƙasar. Riƙe wannan rana, za ta dawo. Riƙe kuma sunan kwamandan rundunar da yake ƙarƙashinta, Janar Nikolai Kamanin.

Daga 1948 zuwa 1964 ya yi aikin gwaji a cibiyar binciken rundunar sojan sama da ke Chkalovsky, kusa da Mosko. A nan akwai bambancin da ba kowa ya sani ba. Matuƙan gwaji kashi-kashi ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera jirgin, shi ne ke fara tashi da shi, kuma ko ya ƙi ko ya so zuciyarsa tana tare da masu ƙira. Akwai kuma na mai saye, wato sojan sama, wanda aikinsa ya nemo aibin jirgin kafin a karɓa a miƙa wa yaro ɗan shekara 22 da ya fito makaranta jiya. Beregovoy na kashi na biyu ne. Kamar mai duba doki ne a kasuwa a madadin mai gida: ba ruwansa da kirarin dillali, haƙori zai buɗe, ya ɗaga kofato. Ya gwada jirage fiye da iri 60, cikinsu har da MiG-15, MiG-19P, Yak-27K, Su-9 da Tu-128, kuma a 1961 aka ba shi laƙabin girmamawa na matuƙin gwaji na ƙasa. Af, MiG-15 ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu: samfurinsa na koyarwa mai kujera biyu, tare da MiG-17, sun sauka a Kano a 1967 lokacin yaƙin basasa.

Mutane suna ɗauka matuƙin gwaji ɗan ganganci ne mai son wasa da rai. Duk wanda ya taɓa tashi da jirgin da ya fito daga babban gyara ya san ba haka abin yake ba. Kana da kati ɗaure a cinya, an rubuta maka abin da za ka yi ɗaya bayan ɗaya: kai tsayi kaza, rage gudu zuwa kaza, jira ka ji lokacin da sitiyari zai fara karkarwa a hannunka, duba agogo, rubuta. Ka sauko ka zauna da injiniyoyi ka faɗa musu abin da jirgin ya yi, ba abin da kake so a ce ya yi ba, har da kuskuren da kai ka tafka. Rabin sana'ar hannu ne, rabin kuwa baki ne mai faɗin gaskiya da ido mai lura. Wannan rabi na biyu shi ne zai fitar da Beregovoy kunya daga baya.

Yadda ya shiga cikin 'yan sama jannati kuwa, sai a ce wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Kamanin, tsohon kwamandansa na yaƙi, shi ne aka ɗora wa kula da zaɓe da horar da 'yan sama jannati tun 1960. A farkon 1964 aka shigar da Beregovoy, yana ɗan shekara 42, aka haɗa shi da rukunin da aka ɗiba shekara guda kafin nan. Samarin da suka riga shi ba su yi murna ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wasunsu sun shekara huɗu suna layi ba su tashi ba, sai ga Kanar da tauraron zinare a ƙirji an kawo shi ta sama. Amma kada a rage masa haƙƙinsa: ya ci gwajin lafiya irin wanda ake yi wa 'yan shekara 28, ya shiga injin juyi da ɗakin kaɗaici kamar kowa. An shirya shi cikin masu jiran ko-ta-kwana na kumbon Voskhod 3, sai aka soke tafiyar gaba ɗaya.

Abin da ya buɗe masa hanya masifa ce. Korolev ya mutu a Janairun 1966. Sabon kumbon da ya bari, Soyuz, an tsara shi ne ya riƙa canza hanya a sama, ya nemo wani kumbon ya haɗe da shi, domin babu zuwa duniyar wata ko gina tasha a sama sai da wannan. An yi gaggawar sa mutum a ciki alhali gwaje-gwajen da aka yi babu mutum ba su yi kyau ba. Ran 24 ga Afrilu 1967 laimar Soyuz 1 ta ƙi buɗewa, Vladimir Komarov ya faɗo ƙasa ya mutu. Ba a cika shekara ba, ran 27 ga Maris 1968, Gagarin ya mutu a hatsarin MiG-15 na koyarwa. Wata goma sha takwas Sobiyet ba ta tura kowa sama ba. Amurka kuwa ta farfaɗo daga gobarar da ta kashe mata mutum uku a Apollo 1, har Apollo 7 ya tashi ran 11 ga Oktoba 1968 ya kwana goma sha ɗaya yana kewaya duniya. Ana neman wanda zai hau kumbon da ya kashe mutumin ƙarshe da ya hau shi, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ran 25 ga Oktoba aka harba Soyuz 2 daga Baikonur, filin harba rokokin Sobiyet, babu kowa a ciki. Washegari, 26 ga Oktoba 1968, shekara 24 cif da ranar da aka ba shi tauraronsa na farko, Beregovoy ya tashi shi kaɗai a Soyuz 3. Yana da shekara 47, babu wanda ya kai shi shekaru cikin duk waɗanda suka je sama kafin nan. Aikin: ya iske Soyuz 2 ya haɗe da shi tun a zagayen farko.

Farkon abin ya tafi lafiya lau. Na'urar nema ta rediyo da ake kira Igla, wato allura, ta gano Soyuz 2 ta ja shi har tazarar ta rage kamar mita 200. Daga nan ya karɓi linzami. Yanzu ka sa kanka a kujerarsa. Ba ka yi awa guda da barin ƙasa ba. Jikinka ya fita daga matsin tashin roka ya faɗa cikin rashin nauyi, jini ya taru maka a ka, abin da ke cikin kunne mai gaya wa mutum ina sama ina ƙasa ya rikice. Kumbon ya shiga inuwar duniya, duhu ne baƙi ƙirin. Kun fita daga inda tashoshin rediyon Sobiyet ke iya jin ka, saboda haka babu wanda za ka tambaya. Ba ka ganin jikin kumbon da kake nufa, sai fitilunsa ta cikin madubin leƙe, wasu a tsaye wasu suna ƙyaftawa, kuma da tsarinsu ne za ka gane samansa da ƙasansa.

Beregovoy ya jera fitilun a idonsa ya matsa. Bai gane ba cewa kumbonsa a kife yake idan aka gwada da ɗayan, samansa na kallon ƙasan wancan. Na'urar da ke cikin Soyuz 2 ta ga eriyoyin ba su dace ba, sai ta riƙa kawar da hancin kumbon gefe tana neman gyara. Shi kuma ya ga abin da yake nufa yana kauce masa, sai ya ƙara wuta ya bi. Yana gyarawa, na'ura na gyarawa, kowa na warware aikin ɗan'uwansa. Da ya kai 'yan mitoci gomomi ya lura akwai abin da ba daidai ba, ya tsaya ya jira fitowar rana. Kafin haske ya zo kumbon ya karkace daga inda ya tsayar da shi, kuma man da aka ware wa ƙananan injinan juyawa ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage dole a adana shi don daidaita kumbon ranar dawowa. Haɗewa ta faskara.

Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri shi ne, na'ura zalla ta riga ta yi wannan aiki har sau biyu babu mutum a ciki: Kosmos 186 da 188 a Oktoban 1967, sai Kosmos 212 da 213 a Afrilun 1968. Duk irin kumbon Soyuz ne aka sauya musu suna. Injiniyoyin da dama can ba su son a ba matuƙi linzami sun sami abin faɗa.

To me ya faru da mutumin da ya ƙware a jirage iri 60? Ni a ganina abu biyu ne suka haɗu masa.

Na farko, kai da kake koyon tuƙi ka san shi ko za ka san shi. Na taɓa tashi da wani ɗalibi cikin hazon hunturu, irin wanda ƙasa da sama ke zama fari ɗaya, ba ka ganin inda suka rabu. Mun ɗan jima muna kwana a hankali, da muka miƙe sai na ga kafaɗarsa ta karkata hagu, hannunsa yana tura sitiyari dama kaɗan-kaɗan. Na ce masa, me kake yi? Ya ce, Malam, jirgin ya kwanta. Na nuna masa agogon da ke nuna kwanciyar fiffike, ga shi a miƙe sak. Ya kalle shi, ya kalle ni, gumi na bin wuyansa, ya ce wallahi jikinsa na gaya masa agogon ne ya lalace. Yaron ba daƙiƙi ba ne, kunnensa ne ya yi masa ƙarya, kuma yana yi wa mai awa dubu goma irin wannan ƙaryar. Bambancin kawai, gwani ya koyi ƙaryata jikinsa ya gaskata agogo. Beregovoy ya fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba. Amma duk abin da ya koya game da ƙaryar jiki, ya koye shi ne a inda nauyi yake. Irin ƙaryar da jiki ke yi a sa'ar farko ta rashin nauyi bai taɓa jin ta ba, kuma babu na'urar koyo a ƙasa da za ta ɗanɗana masa ita fiye da 'yan daƙiƙoƙi. An kuma san da matsalar, domin Gherman Titov ya yi fama da jiri da tashin zuciya tun a 1961.

Na biyu, sabo turken wawa. Jirgin sama a cikin iska yake iyo, iskar kuma tana taimakon matuƙi. Ka karkata shi ka saki sitiyari, juyin zai tsaya. Ka rage wuta, gudu zai ragu da kansa. Hannun matuƙi ya saba da wannan har ba ya tunani a kai. A sama babu iskar da za ta riƙe komai. Ka tura kumbo dama, zai ta tafiya dama har sai ka tura shi hagu daidai gwargwadon turawar farko. Kowane gyara mai biyu yake ci, na farawa da na tsayarwa, in ka zarce kuma ka sake biyan wasu biyun. Matuƙin jirgin yaƙi mai saurin hannu, wanda ke gyara kuskure tun kafin ya gama aukuwa, shi ne zai fi kowa saurin shanye tankin. Wurin yana son mai taɓawa kaɗan ya naɗe hannu ya jira. Amurkawa ma sun sha wannan darasi: a 1965 James McDivitt, shi ma matuƙin gwaji, ya yi ta bin ɓangaren rokar da ta kai Gemini 4 sama, yana ƙara wuta tana ƙara nisa, har ya haƙura.

Duk da haka, in za a raba laifi, ni kaso mafi tsoka ina ɗora shi ne a kan waɗanda suka tsara tafiyar. An ɗauki tsarin da ya dace da na'ura, wadda ba ta jiri kuma ba ta buƙatar haske, aka ɗora wa mutum. Babu malamin tuƙi mai hankali da zai sa ɗalibi, komai hazaƙarsa, ya yi saukarsa ta farko a sabon jirgi da daddare kuma rediyo a kashe. Shaidar wannan ita ce abin da aka yi bayan wata uku. Vladimir Shatalov, wanda shi ne mai jiran ko-ta-kwana na Beregovoy, ya tashi a Soyuz 4 ran 14 ga Janairu 1969. Ba a ce ya haɗe da komai a ranar ba. Sai ran 16 ga wata, bayan jikinsa ya saba, da hasken rana, a saman ƙasar Sobiyet inda ake jin sa, ya haɗe da Soyuz 5 da hannunsa salin-alin, har mutum biyu suka fito ta waje suka koma kumbonsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye daga abin da ya sami Beregovoy aka koye shi.

Beregovoy kuwa ya ci gaba da zama a sama kusan kwana huɗu, ya kewaya duniya sau 64, yana gwada na'urorin kumbon, yana nuna wa masu kallon talabijin cikinsa. Ran 30 ga Oktoba ya sauka lafiya kusa da Karaganda a Kazakhstan. Laima ta buɗe. Wannan kaɗai ya mayar wa shirin Soyuz da ransa, kuma jikokin wannan kumbo ne har yau suke kai mutane tashar sararin samaniya. Gwamnati ba ta faɗa wa duniya an so haɗewa an kasa ba, cewa aka yi an gwada kusantar juna kuma an yi nasara. Aka ba shi tauraron Gwarzo na biyu, aka ƙara masa girma zuwa Manjo Janar. Gaskiyar abin da ya faru a daren nan sai bayan shekaru da yawa ta fito fili, daga rubuce-rubucen waɗanda aka yi abin da su.

Bai sake komawa sama ba, amma ya sake shan da ƙyar, a tsakiyar Mosko kuwa. Ran 22 ga Janairu 1969, ana rakiyar su Shatalov zuwa fadar Kremlin, wani ƙaramin hafsan soja mai suna Viktor Ilyin, sanye da kayan 'yan sanda, ya buɗe wa wata mota wuta yana zaton shugaba Leonid Brezhnev ne a ciki. Beregovoy ne a ciki, tare da Alexei Leonov, Andriyan Nikolayev da Valentina Tereshkova. Direban ya mutu, gilashi ya yanki Beregovoy.

Daga 1972 zuwa 1987 shi ne shugaban cibiyar horar da 'yan sama jannati mai sunan Gagarin. Shekara goma sha biyar ke nan, kuma a zamaninsa ne cibiyar ta fara karɓar baƙi: Vladimir Remek na Chekoslobakiya a 1978, Arnaldo Tamayo Mendez na Kyuba a 1980, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya, da Rakesh Sharma na Indiya a 1984, shi ma matuƙin gwaji. Ya yi ritaya yana Laftanar Janar, ya mutu ran 30 ga Yuni 1995 bayan aikin zuciya, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy a Mosko.

Kada ka tafi da tunanin cewa Sobiyet ba ta taɓa buƙatar hannun matuƙin gwaji na haƙiƙa ba. Ta buƙata sau ɗaya, lokacin da ta ƙera Buran, kumbo mai fiffike irin na Amurka wanda zai dawo ya sauka a titin jirgi. Irin wannan kumbo yana saukowa ne babu inji, da nauyin tan da yawa, hanci a tsaye kamar an jefo dutse, kuma dama ɗaya ce: in ka kuskure titi babu zagayowa. Nan kam aikin matuƙin gwaji ne tsantsa. Aka tara rukuni daga cibiyar binciken tuƙi ta Gromov da ke Zhukovsky, ƙarƙashin Igor Volk, haifaffen 1937, gwanin fitar da jirgi daga juyin da yake faɗowa yana katantanwa, da saukar da jirgi inji a kashe. Sunansa da Rashanci yana nufin kyarkeci, sai aka riƙa kiran rukunin garken kyarkeci.

Tambayar da ta dami masu Buran ita ce wadda ta kayar da Beregovoy, amma ta ɗaya gefen: mutumin da ya kwana da kwanaki babu nauyi, hannunsa da kunnensa za su yi aiki a 'yan mintocin da nauyi ya dawo masa? A wannan karon ba a yi zato ba, gwadawa aka yi. Aka tura Volk a Soyuz T-12 ran 17 ga Yuli 1984 tare da Vladimir Dzhanibekov da Svetlana Savitskaya, tafiyar da Savitskaya ta zama mace ta farko da ta fita wajen kumbo. Suka yi kusan kwana goma sha biyu. Da suka sauka, maimakon a kwantar da shi a kujera a yi ta auna jininsa kamar yadda aka saba, sai aka kai shi ya karɓi tuƙin jirgin Tu-154 da aka gyara ya riƙa sauka irin ta Buran, ya sauka ya hau MiG-25 ya sake tashi. Ya yi duka lafiya. Ran 10 ga Nuwamba 1985 kuma shi da Rimantas Stankevicius suka fara tashi da samfurin Buran da aka liƙa wa injinan jet don koyon sauka. Wannan samfuri yana gidan tarihi na Speyer a Jamus yanzu.

Garken bai ji da daɗi ba. Oleg Kononenko ya mutu a gwajin jirgin Yak-38 a teku a 1980. Anatoly Levchenko, wanda ya yi irin tafiyar Volk a Disamban 1987, ciwon ƙwaƙwalwa ya kashe shi a Agustan 1988, kuma a watan nan Alexander Shchukin ya mutu a hatsarin jirgi. Stankevicius ya mutu a bikin nuna jirage a Italiya a 1990.

Buran ya tashi sau ɗaya tak, ran 15 ga Nuwamba 1988, babu kowa a ciki. Ya kewaya duniya sau biyu ya nufo Baikonur cikin iska mai ƙarfi. Kwamfutarsa ta auna iskar, ta bar hanyar da masu kallo a ƙasa suke tsammani, ta zagayo ta ɗaya ɓangaren, har hankalin wasu ya tashi suna zaton ya ƙwace. Matuƙin gwaji Magomed Tolboyev na biye da shi a MiG-25 yana kallo, ya ga ya dire a titi lafiya. Kuɗi suka ƙare, ƙasar ta wargaje a 1991, aka rufe shirin a 1993. A 2002 rufin rumfar da aka ajiye kumbon a Baikonur ya rufta a kansa, ya kashe ma'aikata takwas. Volk, wanda aka tanada ya zama kwamandan tafiyar Buran ta farko da mutane, ta leƙo masa ta koma. Ya ci gaba da aikinsa a Zhukovsky, ya mutu a Bulgeriya a Janairun 2017.